Malamin Lissafi Ta Intanet: Wa Yake Duba Takardar Yaron?

A kwanakin baya na kai wa wani tsohon abokin karatuna ziyara a Kaduna. Muna zaune a falo muna hirar duniya, sai na hango ɗansa, wanda yake aji biyar na sakandare, can a kusurwa ya ƙura wa wayar hannu ido, ya toshe kunnuwansa da abin sauraro. Ban ce uffan ba, amma uban ya lura da inda idona ya tafi, sai ya yi murmushi irin na mutumin da ya sauke nauyin da ke kansa, ya ce mini ai karatu yaron yake yi, lesin ɗin lissafi ne ta intanet, kuma wata uku ke nan yana biya babu fashi. Ya ce tun da aka fara ya huta da jigilar kai yaro gidan malami da yamma, ya huta da kuɗin mai, ya kuma huta da fargabar kada dare ya yi wa yaro a hanya.

Da yake na taɓa riƙe alli na 'yan shekaru kafin neman abinci ya karkata da ni wani fagen, sai ƙaiƙayin tsohuwar sana'a ya motsa. Na kira yaron, na nemi takarda da biro, na ce ya tara mini rabi da sulusi. Bai yi wata-wata ba ya rubuta 1/2 + 1/3, ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ya miƙo mini 2/5 yana jiran yabo. Na ce masa, "To ɗana, in an ba ka rabin gurasa, aka kuma ƙara maka sulusinta, yaya za a yi abin da ke hannunka ya kasa rabin da ka fara da shi?" Ya dubi takardar ya yi shiru, can sai ya fashe da dariya, domin ya gane cewa biyu cikin biyar ko rabi ba ta kai ba. Ba mu yi minti goma ba ya gano 5/6 da kansa. Uban kuwa, da na waiwaya, murmushin nan ya gushe.

Yaron nan ba daƙiƙi ba ne. Wannan kuskure ya ɗauko shi ne tun daga firamare, ya ratsa ƙaramar sakandare da shi, ya shigo babba da shi, babu wanda ya tsaya ya dubi takardarsa da idon basira balle ya tsamo shi. Haka kuma malamin da ke cikin wayar ba shi da laifi, don na karɓa na kalli darasin, na ga mutum ne da ya san aikinsa, yana bayanin aljabara dalla-dalla da zane mai kyau. Matsalar ita ce an ɗauki darasin ne tun tuni aka ajiye, kuma dubban yara ne suke kallonsa. Malamin bai san da zaman wannan yaro a duniya ba, bare ya san cewa ginin da yake ɗora masa a kan tubalin toka yake tsaye. Abokina yana zaton ya ɗauko wa ɗansa malami, alhali kuwa littafi mai magana ya saya masa.

Ba sai an yi dogon bincike ba kafin a gane abin da ya sa kasuwar lesin ɗin lissafi take ci a ƙasar nan. Shekara da shekaru, kiredit a lissafi da Turanci su ne makullin ƙofar jami'a, duk wanda ya rasa ɗaya sai ya sake zama, ko da kuwa ya ci sauran darussan da kyau. A watan Oktoban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sassauta wannan sharaɗi ga masu neman karatun fannin adabi da makamantansa, amma ta bar shi daram ga masu kimiyya da fasaha da kimiyyar zamantakewa, ta kuma bayyana daga baya cewa wajibi ne kowane ɗalibi ya zauna jarrabawar lissafin. Ke nan ɗan da ake so ya zama likita ko injiniya ko akanta, babu inda zai bi ya zagaye. Masu karatu za su tuna irin tashin hankalin da aka shiga a watan Agustan 2025, lokacin da hukumar WAEC ta sanar cewa kashi 38.32 cikin 100 ne kacal na ɗalibai kusan miliyan biyu suka sami kiredit biyar har da Turanci da lissafi, kafin ta dawo bayan 'yan kwanaki ta ce an yi kuskure wajen maki, ta gyara adadin zuwa kashi 62.96. Ko a kan adadin da aka gyara, fiye da ɗalibi ɗaya cikin kowane uku bai tsallake ba.

Lesin dai ba baƙon abu ba ne a gidajenmu. Abin da ya sauya shi ne hanyar. Tun daga 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, iyaye suka fara ganin cewa na'ura da karatu sun zama Ɗanjuma da Ɗanjummai. Sai annobar korona ta zo aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, 'yan ajin ƙarshe ba su koma ba sai a watan Agusta. Bayan nan kuma malaman jami'a suka yi yajin aikin wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. A irin waɗannan watanni ne malamai da yawa suka koyi karantarwa ta Zoom da WhatsApp, iyaye kuma suka saba da biyan kuɗin darasin da ba su taɓa ganin mai bayar da shi ido da ido ba. Kamfanoni ma ba a bar su a baya ba. Tuteria, wanda Godwin Benson ya kafa don haɗa ɗalibi da malami, ya ci kyautar ƙere-ƙere ta Afirka ta wata cibiyar injiniyoyi ta Birtaniya a 2017, shi kuma Sim Shagaya ya kafa uLesson a 2019, ya fara da darussan bidiyo da aka naɗa a ɗan katin ajiya saboda tsadar data.

Sai dai kuma duk abin da ake sayarwa a wannan kasuwa suna ɗaya ake kiransa da shi, alhali kayan ba iri ɗaya ba ne. Akwai bidiyon da aka naɗa, irin na ɗan abokina. Akwai ajin da ake yi kai tsaye, malami yana magana yara hamsin ko ɗari suna saurare, wanda in ka duba da kyau ajin makarantar nan ne mai cunkoso aka ɗauko aka zuba a waya, har ma ya fi muni, tun da a makaranta malami yana iya hango mai gyangyaɗi. Sannan akwai wanda ya cancanci sunan lesin na haƙiƙa, wato malami ɗaya da ɗalibi ɗaya, ko biyu, ko uku, suna aiki a kan tambaya ɗaya a lokaci ɗaya. Na farko da na biyu suna da amfaninsu, kuma sun fi araha nesa ba kusa ba. Amma ba su ne maganin ciwon da yawancin yaranmu suke fama da shi ba.

Dalili kuwa yana cikin ɗabi'ar shi kansa lissafin. In yaro ya yi fashin darasin tarihi a kan Daular Borno, ba abin da zai hana shi fahimtar na gaba a kan Daular Usmaniyya. Lissafi ba haka yake ba, hawa-hawa ne kamar ginin soro. Wanda bai iya tara rabi da sulusi ba, ba zai iya tara 1/x da 1/y ba, kuma wanda bai iya wannan ba, ranar da ya shiga jami'a aka buɗe masa kalkulas sai ya ga kamar da wani yare ake magana. Kowane yaro kuma da inda nasa ginin ya tsage. Wannan a lambobin da ke ƙasa da sifiri ya ɓace, wancan a wajen cire baka, wani kuwa ya iya lissafin sarai, Turancin tambayar ne yake kayar da shi. Bidiyo ɗaya ba zai iya gano tsagar kowa ba. Sai wanda ya ga yadda hannun yaron yake tafiya a kan takarda, layi bayan layi, shi ne zai ce, "Tsaya, me ya sa ka yi haka a nan?"

Mu a nan Arewa bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba, domin a kansa aka gina karatun zaure. Kowane ɗalibi da littafinsa, ya matso gaban malam ya karanta, malam ya fassara ya gyara, ba a wuce da shi gaba sai ya kama na baya. Ta wannan hanya aka koyar da lissafin gado, wanda gaba ɗayansa rabi ne da rubu'i da sumuni da sulusi da sudusi, kuma har gobe akwai dattawan da ba su taɓa shiga ajin boko ba amma za su raba maka gado mai sarƙaƙiya ba tare da kuskuren ƙwandala ba. Irin wannan karatu ne ya fitar da Muhammad bin Muhammad al-Fullani al-Kashinawi, Bakatsinen da ya yi rubutu a 1732 a kan hanyoyin tsara hatimin lambobi, wato jadawalin da duk layin da ka tara jimla ɗaya za ka samu, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741 ana girmama shi a matsayin malami. Na kawo wannan ne musamman saboda masu cewa wai lissafi ba namu ba ne. Ai ko a zamanin boko, Farfesa Iya Abubakar, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978, masanin lissafi ne da ya yi digirinsa na uku a Kambirij.

Masana ilimi na Turai da Amurka sun daɗe suna auna wannan abu da kakanninmu suka sani a aikace. A 1984 Benjamin Bloom na Jami'ar Chicago ya wallafa wata maƙala da ta yi suna, inda ya ce matsakaicin ɗalibin da aka koyar shi kaɗai, ana gwada shi ana gyara masa kafin a wuce, ya fi kashi 98 cikin 100 na takwarorinsa da ke aji na yau da kullum. Masu tallar lesin suna son ambaton wannan adadi, amma ya kamata a sani cewa ya fito ne daga ƙananan gwaje-gwaje na 'yan makonni da ɗalibansa biyu suka gudanar, kuma binciken da ya biyo baya bai sami tasiri mai girman haka ba. A 2020 wasu masana uku, Nickow da Oreopoulos da Quan, sun tattara sakamakon gwaje-gwaje 96, suka ga cewa lesin yana da tasiri mai ƙarfi ƙwarai ko da bai kai na Bloom ba. Abin da ya fi jan hankalina a nasu shi ne sharuɗɗan. Ya fi amfani in malamin horarre ne, in ana yi aƙalla sau uku a mako, kuma a fannin lissafi tasirin ya fi fitowa a manyan azuzuwa. Wannan albishir ne ga uban da yake ganin kamar lokaci ya ƙure wa ɗansa.

Tambayar da ta rage ita ce ko waya za ta iya ɗaukar wannan aiki. Amsar ita ce e, matuƙar an fahimci abin da ake so ta ɗauka. Mutane da dama sun san Khan Academy da dubban bidiyonta na kyauta, amma kaɗan ne suka san yadda ta faro. A 2004 Salman Khan yana aiki a wani kamfanin hada-hadar kuɗi a Boston, sai ya fara koya wa wata 'yar'uwarsa mai shekara 12 da ke New Orleans lissafi ta wayar tarho, suna rubutu a kan wani allon intanet na Yahoo da kowannensu yake ganin abin da ɗaya yake zanawa. Bidiyon YouTube sai a 2006 suka zo, bayan 'yan'uwa sun yi masa yawa. Wato asalin abin mutum ɗaya ne da yarinya ɗaya da allo ɗaya.

Wani misalin da ya fi kusa da halin da muke ciki daga Botswana ya fito. Lokacin da aka rufe makarantu a 2020, wata ƙungiya mai suna Young 1ove tare da wasu masana sun gwada hanya biyu a kan gidaje kusan 4,500 masu yara 'yan firamare. Wasu an riƙa tura musu tambayoyin lissafi ta saƙon tes kawai, wasu kuma aka haɗa musu da kiran waya na kimanin minti ashirin a mako, malami ya bi tambayoyin tare da yaro. Saƙon shi kaɗai bai tsinana wani abin kirki ba, amma inda aka haɗa da kira yaran sun ci gaba a zahiri. Babu bidiyo, babu babbar waya, babu ma intanet. Gaskiya ne ƙananan yara ne, kuma lissafinsu bai kai na sakandare wuya ba, amma abin lura shi ne inda albarkar take: a muryar mutum mai tambaya yana jiran amsa.

Saboda haka uban da yake biyan kuɗin lesin ta intanet ba ya bukatar ya iya lissafi kafin ya gane ko ana yi masa aiki. Ya zauna kusa sau ɗaya ya saurara. Muryar wa ta fi yawa? In malam ne yake ta zuba tun daga farko har ƙarshe, yaro ba ya cewa komai sai "na gane, malam", to a sake lale, don babu ƙaryar da ta kai "na gane" yawa a ajin lissafi. Sannan ya duba ko malamin yana ganin rubutun yaron. Ba sai da na'ura mai tsada ba. Ana iya jingina wayar a kan tarin littattafai ta fuskanci takarda maimakon fuskar yaro, ko yaro ya ɗauki hoton aikinsa ya tura kafin darasi. Kuma malamin kirki ba ya fara koyarwa ranar farko, gwaji yake yi don ya gano inda tsagar take, ko da zai koma da ɗan aji biyar darasin aji ɗaya.

Bari in ba da misali ɗaya na bambancin. Akwai kuskuren da kusan duk wanda ya koyar da aljabara ya sha gani, inda yaro zai ce (a + b)² daidai yake da a² + b². Malamin gaggawa zai ja layi ya rubuta masa amsar daidai, yaro ya haddace, bayan mako biyu ya manta. Wanda ya san aiki cewa zai yi, "Sa 3 a wurin a, sa 4 a wurin b, mu gani." Yaro ya tara 3 da 4 ya sami 7, ya ninka ta da kanta ya sami 49. Ya koma ɗaya hannun ya tara 9 da 16 ya sami 25. Sai malam ya yi shiru ya bar shi da tambayar ina 24 ta shiga. Yaron da ya nemo wannan 24 da kansa, ya ga ashe 3 sau 4 ce har sau biyu, ya rabu da kuskuren ke nan har abada. Wannan shirun na malam, wanda uba mai lissafin mintoci zai iya ɗauka ɓata lokaci ne, shi ne mafi tsadar abin da ake saye.

Al'amarin 'yan ajin farko na jami'a ya fi ba ni tsoro, domin a can babu uba a kusa, kuma jarabar ta fi ƙarfi. Ɗalibi ya fito daga ajin sakandare ya tsinci kansa a babban ɗakin lacca tare da ɗaruruwan 'yan'uwansa, malami yana can ƙasa da makirufo, zangon karatu kuma gajere. Mafi yawan waɗanda kalkulas yake kayarwa ba kalkulas ɗin ba ne ya kayar da su, aljabarar da suka baro a baya ce ta biyo su bashi. Lesin mai kyau zai iya ceto irin wannan ɗalibi daga maimaita kwas. Amma a gefe guda akwai wata kasuwa da take fakewa da sunan lesin, inda ɗalibi zai tura hoton aikin gida da kuɗi, a turo masa amsa ya kwafe. Makin aikin gida zai yi kyau, ranar jarrabawa kuma ido ya raina fata. Wannan ba koyarwa ba ce, satar amsa ce da aka yi wa kwalliya, kuma wanda yake yin ta ya san haka.

Yanzu ma ba sai an biya kowa ba. Akwai manhajoji irin su Photomath da za ka haska wa tambaya su warware maka ita mataki-mataki, ga kuma ChatGPT da ire-irensa na ƙirƙirarriyar basira tun daga ƙarshen 2022. An yi wani gwaji a wata makarantar sakandare a Turkiyya a kan ɗalibai kusan dubu, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2024. Waɗanda aka bai wa na'urar sakaka sun fi sauran da kashi 48 cikin 100 a lokacin atisaye, amma da aka karɓe ta aka yi jarrabawa sai suka kasa waɗanda ba su taɓa amfani da ita ba da kashi 17. Rukunin da aka saita wa na'urar ta riƙa ba su haske kawai ba tare da faɗin amsa ba, su ba su yi wannan faɗuwar ba. Ashe ko na'ura ce, sai ta koyi yin shiru irin na malam.

To, sai maganar kuɗi, wadda ita ce ƙashin bayan zancen. Mu ƙaddara malami yana karɓar naira 3,000 a sa'a, wanda ba wani abin a zo a gani ba ne ga mai digiri, kuma ana yin sa'a uku a mako kamar yadda bincike ya nuna ya fi amfani. A wata ya kama naira 36,000 ke nan a kan yaro ɗaya a darasi ɗaya, fiye da rabin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Ba a sa kuɗin data ba, wanda ya tashi bayan hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, ba a kuma sa cajin waya a unguwar da wuta take zuwa kamar baƙuwa ba. Mu da muke karanta wannan shafi, da yawanmu za mu iya matsawa mu biya. Direbanmu da maigadinmu fa? Kuma kada mu manta cewa a watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a jihar Zamfara baki ɗaya da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda matsalar tsaro, 'yan watanni bayan sace ɗaliban Ƙanƙara da Jangebe. Yaran da aka fi rufe wa makaranta su ne kuma aka rufe wa sabis. Duk mai cewa intanet za ta maye gurbin malamin aji a Arewa, bai san Arewar ba, ko kuma yana da abin sayarwa.

Ƙasashen da suka riga mu nisa a wannan hanya sun ga inda take kaiwa in an sake mata linzami. A Sin, gasar lesin ta kai iyaye wuya har gwamnati ta fito a watan Yulin 2021 ta haramta yin sa don riba a manyan darussan firamare da ƙaramar sakandare, ta hana shi a ranakun hutu, manyan kamfanoni suka durƙushe cikin 'yan watanni. A Indiya kuwa, kamfanin Byju's, wanda aka ƙiyasta darajarsa a kan dala biliyan 22 a 2022, hukumar kare haƙƙin yara ta ƙasar ta gayyaci shugabansa a ƙarshen wannan shekara saboda ƙorafin cewa ana matsa wa iyaye lamba su sayi darussa, kuma zuwa 2024 kamfanin yana gaban kotu a kan bashin da ya kasa biya. Abin da masu talla suke sayarwa a ko'ina shi ne tsoron uba kada ɗansa ya zama na baya. Shawarata ga iyaye ita ce kada a biya kuɗin shekara a dunƙule, komai daɗin bakin mai talla da girman rangwamen.

Duk da haka ba na cikin masu yi wa abin kallon annoba. Akwai ƙofofi biyu da ya buɗe mana waɗanda a da suke rufe. Ta farko ta 'ya'ya mata ce. Gidaje da yawa ba za su yarda baƙon namiji ya riƙa shigowa yana zama da budurwa ba, ba kuma za su bar ta ta fita lesin da yamma ba, malamai mata masu lissafi kuwa ba su wadata ba. Yanzu yarinya a Gusau za ta iya karatu wurin malama da ke Zariya ko Ilori tana zaune a tsakar gida kusa da mahaifiyarta. Sharaɗin dai shi ne a yi shi a fili, da wayar iyaye, a lokacin da aka sani, kada a bar wata hira ta bayan fage tsakanin malami da ɗaliba, domin sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Ta biyu ta matasanmu ce masu digirin lissafi da injiniya da suke zaune babu aiki. Wannan kasuwa ba ta san iyakar ƙasa ba. A 2021 jaridar Guardian ta Ingila ta bankaɗo cewa a ƙarƙashin shirin gwamnatin ƙasar na cike giɓin karatu bayan korona, wasu daga cikin masu koya wa yaran Ingila lissafi ta intanet matasa ne da ke Siri Lanka, har da 'yan shekara 17, ana biyan wasu fam 1.57 kacal a sa'a. Labarin ya nuna cewa akwai ci-da-gumi a harkar, amma ya kuma nuna cewa mai ilimi da waya zai iya aiki daga ko'ina. Namu matasan suna da wani jari da babu ɗan Siri Lanka ko Ba'indiyen da zai yi gasa da su a kansa, wato Hausa. Yaron da aka yi wa bayanin lambobin ƙasa da sifiri da misalin bashi, aka ce masa wanda ake bi naira biyar ya sake cin bashin uku yanzu nawa ake bin sa, ya kama abin nan take, daga nan sai a mayar masa da shi Turancin jarrabawa. Abin da ya rage shi ne horo, don sanin lissafi daban, sanin inda yaro yake ɓacewa daban. Nan ne nake ganin kwalejojin ilimi da sassan lissafi na jami'o'inmu, da ita Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja, suke da aikin yi: ɗan gajeren horo da takardar shaida, yadda uba zai san wa ya ɗauko.

Shi dai abokina bai daina biyan kuɗin bidiyon ba, don yaron yana son sa kuma yana taimaka masa wajen bita. Amma ya samo wani ɗalibin aji uku a sashen lissafi na wata jami'a, suna haɗuwa da yaron ta waya sau uku a mako, minti arba'in-arba'in, wayar tana jingine a kan ƙamus tana kallon takarda. Da muka yi magana makon jiya yana ta mita, wai mako biyar ke nan ana abu ɗaya, har yau suna kan lissafin ƙaramar sakandare, ga jarrabawar WAEC saura shekara guda da 'yan watanni. Na tambaye shi ko ya zauna ya saurara kamar yadda na ce. Ya ce ya zauna sau biyu, kuma abin da ya ɗaure masa kai shi ne malamin kusan ba ya magana, yaron ne yake ta surutu yana gardama da takarda. Na ce masa ya ƙara wa malamin kuɗin data.